Tsegumi: Mota ta kamfani, bashi na yaro

Ku matso kusa, maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Tun makon jiya ake raɗe-raɗi a wani lungu tsakanin Mandawari da Kasuwar Kurmi cewa an ɗage wani biki, alhali ba a yi rashi ba, ba kuma wanda ya kwanta ciwo. Angon shi ne wanda 'yan unguwa ke kira Dakta, duk da bai taɓa riƙe allura ba. Wakilin wani kamfanin magani ne, irin waɗanda ake ce wa rep. An saba ganinsa da farar mota mai tambari a ƙofa, ga taye a wuya ko da ana zafin bazara, yara na rububin ɗaukar masa jaka. To, majiyata ta ce wasu mutum biyu ne suka zo da sassafe suka karɓi makullin motar, daga baya takarda ta iso gidan kawunsa, wanda ya tsaya masa lokacin ɗaukar aiki. Suna kam ba za ku ji a bakina ba. Gidan mutunci ne, kuma waɗanda suka san zancen sun rantse yaron bai ci ko kwabo ba.

Yaya mutum zai wayi gari da bashin da bai ci ba? Ga yadda abin yake. Da yawa daga cikin samarin nan ba ma'aikatan kamfanin da tambarinsa ke jikin motar ba ne. Wani ɗan kwangila ne ko babban dila ya ɗauke su, kwantiragin wata shida ko shekara, a sabunta in an ga dama. Albashin bai taka kara ya karya ba, sauran duk kamasho ne, shi ma ba a kan kayan da ka fitar ba, sai a kan kuɗin da ya shiga asusu. Sannan ga abin da suke kira taget, wato adadin cinikin da dole ka kawo kowane wata. Ka cika, a ƙara maka wata mai zuwa. Ka gaza sau biyu ko uku, manaja ya fara kiranka da cikakken sunanka.

Shi kuwa mai kyamis na cikin gari ba ya sayen kaya kuɗi hannu. “Ajiye mini katan biyu, in an sayar ka zo.” Haka ake ciniki tun kaka da kakanni, kuma ba wanda zai iya kallon dattijon da suke sahu ɗaya a masallaci ya ce masa sai da kuɗi. Amma a takardar kamfani, sunan rep ne a jikin kayan. Ranar 28 ga wata in ta zo bai cika taget ba, sai ya kwashi sauran kayan ya kai wa babban dila, shi kuma Alhaji ya san halin da yaron ke ciki, sai ya taya ƙasa da farashin kamfani. Yaro ya sallama. Giɓin ya toshe shi da kuɗin da ya karɓo a wani shagon, wata mai zuwa ya sake toshewa da na wani. Ranar da masu binciken kuɗi suka sauka daga Legas, ranar asiri ke tonuwa, kuma a ranar ne kawu ke tuna cewa ya taɓa sa hannu a wata takarda da bai karanta ba.

Tsofaffin hannu a harkar, waɗanda suka yi zamanin da rep ke da alawus ɗin gida da na asibiti da fansho, sukan girgiza kai in an taɓo zancen. Zamani ya sauya. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, masu Augmentin da Ventolin, suka sanar za su daina harka da kansu a Najeriya, su bar wa dillalai rabon kayansu. A Nuwamba Sanofi na Faransa suka bi sahu. Duk a shekarar aka cire tallafin mai, naira kuma ta faɗi warwas. Magani ya yi tashin gwauron zabo, masu ciwon asma sun fi kowa sanin haka, ciniki ya ja baya, amma ban ji inda aka rage wa wani taget ba. Kuɗin man da ake ba rep ba ya kai shi rabin wata. Akwai wanda aka ce mini yakan ajiye motar kusa da Ƙofar Mata, ya zaga kyamis-kyamis na kewayen Asibitin Murtala da ƙafa, ya hau A-daidaita-sahu zuwa Gwale da Jakara, sai da yamma ya dawo ya shiga abarsa ya kunna, don a ga shigowarsa unguwa.

Sai kuma aka yi tashin Sabon Gari. A Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka garƙame shagunan magani sama da 1,300 a Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja, aka ce kowa ya koma sabuwar kasuwar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Ni dai ina ganin gyaran ya dace, domin magani ba tumatir ba ne da za a jibge shi a rana. Sai dai jaridu sun yi ta kawo kukan 'yan kasuwa, ba wanda ya tambayi rep. Kayansa na bayan kwaɗo, mai shago ya kashe waya, in an same shi ya ce “ai kai ma ka ga abin da gwamnati ta yi mana,” wa'adin maganin na ƙaratowa, kamfani kuma na ƙirga kwanaki. An ce wasu har yau bashin wancan lokacin suke biya.

Ɓangaren likitoci kuwa, bari in rage murya. Za ka ga rep zaune a benci ɗaya da marasa lafiya, jaka a cinya, yana jiran a gama duba mutane ya samu minti biyu. Biro ne, kalanda ce, ɗan littafin rubutu mai tambari. Wannan kowa ya gani. Abin da ba a gani shi ne katin waya, da kuɗin hanya zuwa taro, da shinkafar da ke isa wasu gidaje da azumi. Likitoci na gari suna da yawa, wasu ko biron ba sa karɓa. Amma in ka ga an rubuta maka magani an ja layi a ƙarƙashin sunan kamfani, an ce kada ka yarda a ba ka wani, babu laifi ka tambayi mai harhaɗa magani ko akwai irinsa mai sauƙin kuɗi da ke da lambar NAFDAC.

Kada wani ya ce duk wannan matsalar yaran ce su kaɗai. Ku tuna 2018. Majalisar Dattawa ta riga ta ji cewa ana shan kwalabar kodin miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, amma ba a hana shi ba. Sai da BBC ta fito da bincikenta a ƙarshen Afrilu, aka ga ma'aikacin kamfani a ɓoyayyiyar kyamara yana cinikin katan-katan ta bayan fage, nan take gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. An kori wanda aka kama, an rufe wasu masana'antu na ɗan lokaci, aka sake buɗe su. Ban wanke wanda ya sayar ba, ya cuci 'ya'yan mutane. Amma wanda ya ɗora wa yaro cinikin da ya san asibitoci da kyamis na halal ba za su iya shanyewa ba, ya kuma kau da kai daga inda kayan ke zuwa, shi ma da hannunsa a ciki. Kwantiragi kuwa ya sauƙaƙa masa wanke hannun: “ai ba ma'aikacinmu ba ne.”

Saboda haka, iyaye da kawunnai na cikin ganuwa, in yaro ya kawo muku takarda ya ce a tsaya masa, ku sa wanda ya san doka ya karanta muku ita layi-layi. Ku tambaya wa ya ɗauke shi aiki, kuma in mai shago ya ƙi biya, wuyan wa za a kama. Kada ku ba da takardar gida jingina saboda mota mai tambari. Kai kuma Alhaji mai kyamis da ke riƙe da kuɗin yaron nan tun kafin azumi, ka san kanka, mu ma mun san ka. Ka biya shi kafin mu haɗu mako mai zuwa.