Tsimin Da Ya Sha Ambaliya

Wani abokina da ya yi karatu a Ingila ne ya ja min. Ya ce can suna da wata giyar sha'ir mai ƙarfi da ɗaci, wadda ake jibgewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa shekara da shekaru, har ɗacin ya lafa, ɗanɗano ya nuna. Na ce giya kam Allah Ya tsare, amma dabarar ajiya ba haram ba ce. Mu ma ai muna da tsimi.

Na haɗa nawa: tsamiya, citta, kanumfari, masoro, zuma, da ɓawon maɗaci don kada Bature ya fi ni ɗaci. Na ɗura a tulun uwargida, na liƙe bakin da laka. Saura ɗakin ƙasa. A Haɗeja kuwa, wanda ya haƙa rami da damina rijiya ya haƙa. Na dai tona bayan rumbu na binne.

Sai ga daminar 2020. Kogin Haɗeja ya cika ya batse, ya shanye gonakin shinkafa har su Auyo. Jama'a na ta jera buhunan yashi a bakin jinga, ni kuwa ina zarya bayan rumbu.

"Malam," in ji uwargida, "kowa na ceton gero, kai me ka binne can? In kuɗi ne a faɗa min."

Da ruwa ya janye na tono abina. Ina fasa lakar sai ji na yi fus! Awaki suka watse. Na yi bismillah na kurɓa. Ɗacin bai lafa ba, ƙarin girma ya samu. Yaji ya biyo baya, sannan kogin da kansa ya iso: laka, kacala, da wani abu mai kama da tarwaɗar da ta kwana a rana. Hawaye na zuba ina cewa, "Ya nuna, wallahi ya nuna."

Dattijon maƙwabcinmu ya leƙo ta kan danga, ya shaƙa sau ɗaya.

"Ɗana, wannan ya tashi daga tsimi. Zubar da shi kafin 'yan Hisba su biyo iska."

Na juye a gindin darbejiya. Zakaranmu ya tsotsa, ya haye turmi ya yi ta cara da azahar tsaka. Uwargida ta shinshina tulun, ta ajiye min shi a gabana, ta ce ranar kasuwa sabo take jira.