Ku da Kuka Ɗaure wa Windows Baki

Sannunku da dabara, 'yan ƙungiyar "kar a taɓa min kwamfuta". Tun ranar da kuka sayi laftof, kafin ku bar shago, kuka sa mai gyara ya ɗora muku 'yar manhajar nan mai toshe sabuntawar Windows. Kuka koma gida kuna murmushi, wai kun yi wa kamfanin Microsoft wayo.

Hujjarku tana da ƙamshin gaskiya, ban musa ba. Data tsada, wuta kuma ba ta tashi ɗaukewa sai allo ya ce kada a kashe. Har za ku ce sabuntawa kan lalata abin da ke zaune lafiya, kuma haka ne: a Oktoban 2018 kamfanin da kansa ya janye wata bayan ta share wa wasu mutane fayiloli. To Alhaji, ka ci wannan. Amma koma ka zauna, da sauran magana.

A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ana neman fansar dala 300 kan kowace ɗaya, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin likita. Facin da ke toshe ƙofar da ta bi kuwa ya fito tun watan Maris, mutane ne kawai ba su ɗora ba. Na jiyo ka kana cewa, "Ni me gare ni da za a sata?" Ai ba ta tambayi aljihun kowa ba, da kanta take bin layin sadarwa tana lalube. Lissafin shago da hotunan bikin Hajiya ma sun ishe ta.

Abin dariyar shi ne, duk abin da kuke nema yana cikin Windows ɗin. Kana tsoron data? Nuna mata cewa layinka na awo ne, za ta rage jan kaya. Kana da aikin gaggawa? Dakatar da sabuntawa har mako biyar. Facin tsaro na wata-wata ma ba a sace yake zuwa ba, ranar Talata ta biyu ce a kowane wata, sai ka tanadi caji. In wani faci ya zo da rigima, shiga tarihin sabuntawa ka cire shi shi kaɗai. In babbar sabuntawa ce, kana da kwana 10 na komawa tsohuwar.

Wajen cire 'yar manhajar taku kuma ake yin ta. Sai mutum ya jefa ta kwandon shara, ya zauna jiran faci shiru, ya hau zagin Microsoft. Haba Malam! Irin waɗannan kashe hidimar sabuntawa suke yi daga ciki, share su ba ya tashe ta. Fara buɗe manhajar, ka mayar da komai yadda ta same shi, ka sake kunna kwamfuta, ka ga faci ya fara sauka, sannan ka sallame ta.

Masu Windows 10 kuwa, barkanku, an cika muku buri ba wahala. Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya rufe tallafinta, faci sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Ku je ku duba wacce ke kan laftof ɗinku.