Auta, Ka Haƙura da Gidan Big Brother

Auta,

Ya Inna da ƙafar tata? Ni dai ina nan Kolon, sanyin Jamus yana gasa mini aya a hannu.

Na ji saƙonka, wai in turo kuɗin mota ka tafi Legas neman shiga shirin Big Brother Naija. Kai? Kai da idan cajin wayarka ya ƙare sai unguwa ta ji? To ka sani, tun kafin ka taka ƙofar gidan ake raba ka da waya. A nan Turai ma sai an ajiye mutum a ɗakin otal da mai tsaronsa, kada ya ga sauran 'yan takara. A cikin gidan kuwa babu jarida, babu rediyo. Kulle ne sosai, wanda ko amaryar da ba ta shekara ba ta fi su ganin gari.

Maƙwabcina ya taɓa aikin kyamara a irin wannan shiri. Ya ce madubin nan da 'yan mata ke tsayawa suna gyara gashi, akwai lungu mai duhu a bayansa, ƙato yana zaune a ciki yana ɗauka. Makirfo kuma yana jikinka, ko gunaguni ka yi an ji. Masu shirin su suke yanka abinci, su suke ba da aikin da zai haɗa mutane faɗa, sannan su tace wuni guda ya koma 'yan mintoci. Idan sun so ka zama mugun gida, to ka zama. Tun 1999 da John de Mol ya fara abin a Holan suke wannan sana'a, kai ne za ka yi musu wayo?

A garin nan aka yi abin da ya fi ba ni dariya. 'Yan takara sun shiga gida a Fabrairun 2020, korona ta rufe duniya, su kuwa suna ciki suna rungumar juna. Sai 17 ga Maris aka gaya musu, shi ma a gaban kyamara, don kada hawayen ya tafi a banza.

Kuma wa zai faɗa wa Baba? Ba dai ni ba.

Kuɗin da na turo na taki ne, ka miƙa wa Kawu cif. Idan mai zuwa ya samu, a haɗo mini da kilishi da daddawa.

Naka,
Yaya