Allo, Wa Ke Magana?

Da an buga gangar zaɓe, wayar da ta yi wata biyu tana barci a aljihu sai ta farka da ihu. Baƙuwar lamba ce. Ka ɗauka ka yi sallama, babu mai amsawa, sai wata murya da aka naɗa tun makon jiya ta shiga kwararo maka hanya da asibiti da aikin yi ga matasa. Na'ura ce ke buga lambobi dubu-dubu a lokaci guda, tana sakar wa kowa magana ɗaya. Masu ɗauka ne dai kala-kala, kuma idan ka zauna a bencin mai shayi a unguwar Bè-Kpota da ke Lome, kafin a kira la'asar ka gan su duka.

Baba mai gaisuwa shi ne abin tausayi. Shekara saba'in yana gaisawa da mutane, bai taɓa shiga zance ba tare da ya tambayi gajiya da iyali ba. Murya na zuba Faransanci, shi yana "Lafiya lau. Ya gida? Ya yara? To madalla." Har hula yake gyarawa. Waya ta katse, ya dube ta ya ce yaran yanzu ba su da tarbiyya, ko sai an jima babu. Amma kafin magariba duk sahun gaba na masallaci ya ji cewa ɗan takara ya kira shi, shi da kansa, da bakinsa. Jikansa ya ce, "Baba, ai kaset ne, kowa ake sa wa." Baba ya ce, "To kai me ya sa bai kira ka ba?" Bai rufe baki ba wayar yaron ta ɗauki ƙara, ga murya nan sak. Baba ko gezau: "Ka gani? Ni na ce masa ya neme ka."

Kusa da shi akwai Alhaji mai layi huɗu. Lome a bakin iyaka take, ƙafa ma tana kai mutum Aflao ta Gana, shi kuwa yana sarin atamfa a kasuwar Asigame, yana fitar da mota daga tashar jiragen ruwa zuwa arewa, saboda haka yana da layin Togo da na Gana da na Najeriya da na Nijar. Wannan bawan Allah bai san hutu ba. A 2020 kaɗai Togo ta yi zaɓe a Fabrairu, Gana da Nijar a Disamba. Najeriya ta karɓa a Fabrairun 2023, Togo ta dawo a Afrilun 2024, Gana ta sake a Disamba. Saƙo na bin saƙo, kowace ƙasa na kiransa ɗan ƙasa nagari, shi kuwa ranar zaɓe kullum tana riskarsa a iyakar Sinkase yana ciniki da 'yan kwastan. Layin Nijar ne kawai ya yi shiru tun juyin mulkin Yulin 2023, har yakan duba ko ya mutu. Ya san cewa a Najeriya tun 2016 ana iya tura kalma ɗaya zuwa 2442 a toshe saƙonnin talla, amma ba zai toshe ba. Wai ba a rufe ƙofa, ba ka san ta inda arziki zai shigo ba.

Ni dai a wurina duk cikinsu babu mai kan siyasa kamar Hajiya mai koko da ƙosai. Tana da hujja. A Afrilun 2020, lokacin korona, gwamnatin Togo ta fito da tallafin Novissi: ka danna *855#, ka sa lambar katin zaɓenka, kuɗi su faɗo cikin waya, sefa 12,250 a wata ga mace, 10,500 ga namiji. Tun daga ranar Hajiya ta yanke cewa katin zaɓe da waya 'yan uwan juna ne. Duk baƙuwar lamba tana ɗauka da bisimilla, ta maƙale waya a kafaɗa, ƙosai na ƙonewa, ta saurara har ƙarshe ba ta tsallake harafi. Sannan ta duba asusun Flooz, ta duba ɗaya asusun, ta ajiye waya ta ce, "An ce hanya, an ce makaranta, ba a ce nawa ba." Masana na kwana suna sharhi a rediyo ba su kai nan ba.

Ɗan zemijan kuwa faɗa yake da na'urar. Ya faka babur a gefen titi, fasinja na zaune a baya da buhun gari, shi yana mayar wa na'ura martani ɗaya bayan ɗaya: kuɗin mai, ramukan unguwa da damina, alkawarin wancan karo. Muryar na ci gaba da nata, shi yana "Tsaya, ban gama ba!" An ce masa ba ta ji. Ya ce a filin taro ma 'yan siyasa ba sa ji, bambancin kawai can ana raba riga.

Wanda ba na iya yi wa dariya sosai shi ne mai tambayar "A ina suka samu lambata?" Yana tuna 2017, lokacin da jam'iyyar PNP ta Tikpi Atchadam ta cika tituna da jajayen riguna, saƙonnin murya na yawo a WhatsApp, aka katse intanet a watan Satumba, abin da kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa doka. Tun daga nan bai yarda da waya ba. Idan kiran ya shigo, sai ya ɗaga murya yadda duk mai sauraro a ɓoye zai ji: "Ni ɗan kasuwa ne, Allah ya ba mai rabo sa'a!" A ƙasan akwatinsa akwai hular jam'iyyar UNIR mai ruwan sararin sama da ta jam'iyyar ANC mai ruwan lemo, kowace a ledarta, ba a haɗa su.

Ɗan lakwal yana nan yana jiran a yi shiru ya ba da lacca. A Amurka, in ji shi, a Janairun 2024 an kira mutanen jihar New Hampshire da muryar Joe Biden ta bogi, wadda kwamfuta ta ƙera, ana ce musu su zauna a gida kada su fita zaɓen fid da gwani, kuma an ci tarar wanda ya shirya abin dalar Amurka miliyan 6. Gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce ilimin ya yi masa yawa: yanzu ko mahaifiyarsa ce ta aiko saƙon murya daga Sokode tana neman kuɗin magani, sai ya ce a bari ya bincika tukuna.

Sai na ƙarshen benci, wanda ba a taɓa kira ba. Kowa na ƙorafin an dame shi, shi yana juya waya a hannu, ga caji ga kiredi, shiru. Abin na ci masa rai. Me Baba ya fi shi? Ya tashi ya kai ta wurin mai gyara. Mai gyara ya buɗe, ya hura, ya ce lafiyarta ƙalau, kuma ya daina jiran kiran mai neman shugabancin ƙasa, don tun tsarin mulkin 2024 'yan majalisa ne ke zaɓen shugaba, Faure Gnassingbé kuma tun 3 ga Mayun 2025 shugaban majalisar ministoci ne. Mutumin ya yi jim, ya ce duk da haka a canja masa sifika. Mai gyara ya karɓi ɗari biyar.