Zaiba a Injin Niƙa

Ɗan ƙanwata ne ya ja mini. Yaron yana karatun sinadarai a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya zo hutu Garki, muna cin tuwo yana ba ni labarin yadda ake auna zaiba a hayaƙin masana'antu. Wai haske ake ratsa hayaƙin da shi. Zaiba tana zuƙe wani haske mai zangon nanomita 253.7, iyakar dusashewar hasken, iyakar yawan zaibar. Ya zarce da labarin Minamata ta Japan, inda a 1956 aka gano wata cuta mai shanye jiki, ashe zaibar masana'anta ce ta shiga kifi, har duniya ta ƙulla yarjejeniya da sunan garin a 2013.

Ni dai kunnena abu biyu ya tsinta: haske da hayaƙi. To, me ya rage?

Masana'antar unguwarmu ita ce injin niƙa. Bayan magariba na ɗauki tocila da wani tsohon faifan sidi, na je na tsuguna a bakin salansa. Hayaƙin dizal ya turnuƙe ni, ina tari, ina hawaye, ina haskawa, ina karkata faifai. Can sai ga launuka sun baje kamar bakan gizo. Na miƙe zumbur, fuska baƙi ƙirin, na ce, "Jama'a, akwai zaiba a nan!"

A wajen mutanenmu kuwa, duk wanda ya ambaci zaiba ya ambaci miliyoyi. Wa bai ji labarin jar zaibar da ake cewa tana ɓoye cikin tsofaffin kekunan ɗinki ba? Kafin isha'i yaran layin niƙa sun gama gari da zancen. Mai injin ya kashe inji, ya cafke mini gefen riga: "Malam, kafin ka kwasa, mu yi maganar kasona." Wata tsohuwa ta aiko jikanta da kan keke a ka, wai in haska mata don Allah.

Yaron ne ya zo ya ƙwace ni. "Haba Kawu! Hasken da na ce ai ido ba ya ganinsa, balle tocilar 'yan kasuwa ta bayar. Kuma hayaƙin kwal ake bi, da na tandar siminti irin ta Kalambaina a Sakkwato, da na masu ƙona zinare a Zamfara." Abin ma, in ji shi, da kashi ɗaya cikin miliyan na giram ake lissafinsa. Da muka shiga gida ya karɓi faifan, ya saita shi da murɗaɗɗen farin ƙwan ɗakina. Launukan suka fito a rarrabe, kore daban, shuɗi daban. "Ga zaibarka nan, Kawu. Kullum a ƙarƙashinta kake kwana."

Mai injin dai har gobe bai yarda ba. Duk ranar da aka kai niƙa daga gidana, sai ya tambayi yara ko babansu ya sayi mota.