Miyar da Kakata Ba Za Ta Yafe Ba

Tun ban buɗe tukunya ba ka fara yamutsa fuska. Eh, miya ce da madara, kuma naman cikinta na wani ƙwaron teku ne mai ɓawo biyu, ɗan'uwan makankarin bakin kogi. Amurkawa na ce mata kilam cauda, gidanta Boston da sauran garuruwan gaɓar arewa maso gabashin Amurka. Na sha, na side kwano, na nemi ƙari. Sai ka kai ni ƙara wajen mai unguwa.

Ka ce miya da madara ai kunu ne? Malam, a wane gida aka taɓa dama maka kunu da soyayyar albasa da dankalin turawa? Albasa ake fara soyawa, a zuba romon ƙwaron, a bar dankali ya nuna, sannan madara ta shigo daga ƙarshe a kan wuta kaɗan, don in ta tafasa da ƙarfi tsinkewa take. Shi ma naman ba a barinsa ya daɗe, in ya daɗe sai haƙoranka sun raina kansu.

Ka ce haramun ne? Ikon Allah, yaushe ka bar mazhabarmu ba ka yi mana sallama ba? A Malikiyyar da aka karantar da ni da kai a zaure, dabbar teku duk halas ce. Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Inda ya kamata ka zaro ido ba ka zaro ba. A girkin gargajiyarsu da kitsen alade ake soya albasar nan, kuma ba kullum ake rubuta hakan a takardar abinci ba. Ni sai da mai kawo abinci ta shiga kicin ta dawo ta tabbatar mini da man shanu suka yi, sannan na yi bismilla. Kai kuwa kana can kana fatawa a kan ƙwaro, alade ya bi ta bayanka ya wuce.

Ainihin mai hana ni miyar nan ma ba malami ba ne. Kakata ce, Allah ya jiƙanta. A gidanmu duk ranar da aka sa kifi a miya, ko busasshe ne guntu ɗaya, ƙwaryar nono ɗakinta take kwana, ta ja ƙyaure. Dokarta: kifi da nono kuturta ne. Wata rana wani ƙanena ya ci miyar kifi, ya zagaya ya sha furar baba. Aka yi salati kamar an yi rasuwa. Kwana da kwanaki kaka na kiransa da safe, "Zo nan, ɗan nema," ta juya hannunsa a rana tana neman tabo, mu kuma mun ƙi cin kwano ɗaya da shi, abin da ya yi masa daɗi ƙwarai don tuwo ya ishe shi. Yau yana da 'ya'ya, yatsunsa goma cif.

To, cokalin farko a Boston, ga sanyi na kaɗawa daga teku, ga abin ruwa da madara a bakina lokaci guda, wallahi sai da na juya bayan hannuna na duba.

Ka ce na ƙaryata tsohuwa? Subhanallah, ni na isa? Cewa kawai na yi ƙwayar cuta ce ke kawo kuturta, ba kwano ba. Wani gidan abinci mai sayar da miyar nan, Union Oyster House, yana buɗe a Boston tun 1826. Je ka tsaya a ƙofarsa ka ƙirga yatsun masu fitowa.

Kada kuma ka ɗauka mu kaɗai ne ke faɗa a kan miya. Akwai irin ta Manhattan, jar miya da tumatir ba madara, wadda mutanen gaɓar arewa ke yi wa kallon bidi'a. A 1939 wani ɗan majalisar jihar Maine, Cleveland Sleeper, ya rubuta ƙudurin doka na hana sa tumatir a cauda. Ƙudurin bai zama doka ba, amma ka ji fa: majalisa, a kan tumatir! Da shi da kakata sun haɗu, da sun raba goro.

Ka ce duk da haka ba ta kai miyar kuka ba? A nan kam ba zan ja da kai da ƙarfi ba, don ba ta san yaji ba ko a mafarki. In Allah ya kai ka Boston, nemi farar, yi tambaya a kan alade, sannan ka zo da ƙullin yajinka a aljihu.