Mu da Allura ta Uku

Mu Sakkwatawa ba mu cika ƙin abu a gaban mai shi ba. Ma'aikaciyar lafiya za ta tsaya bakin zaure da akwatinta na ƙanƙara, mu amsa sallama, mu yi mata sannu da rana, mu sa mata albarka, sannan mu shaida mata mai gidan ya fita. Mai gidan kuwa shi ne ke maganar. Ƙin gaskiya a majalisa ake yin shi, bayan la'asar, in an baza tabarmi an ɗora butar shayi. Can ne kowa ke zama likita, kowa ke da ɗan'uwa a Abuja da ya faɗa mishi asirin da gwamnati ke ɓoyewa.

Tun ranar 10 ga Disamban 2021 hukumar kula da lafiya matakin farko ta ƙasa, wadda Dakta Faisal Shu'aib ke shugabanta a lokacin, ta buɗe ƙofar allurar ƙari ta korona. Sharaɗin ba shi da wuya: shekara 18 zuwa sama, kuma wata shida ya wuce da yin ta biyu, ko wata biyu ga wanda aka yi wa Johnson & Johnson mai sau ɗaya. Kyauta ce. Da labarin ya fito a rediyo, majalisarmu ta ɗauka kamar an ƙara kuɗin mai.

"Ba biyu sunka ce ba?" in ji Alhaji mai shagon yadi. "Munka yi biyu, yanzu uku. Gobe huɗu. To mi ag ga ƙarshenta?"

"Alhaji, kai ka yi biyun?" mai shayi ya tambaya.

"Ba wagga maganar muka yi ba."

Haka abin yake daga Mabera har Runjin Sambo. Wanda ya fi kowa ɗaga murya kan ta uku, in ka bi diddigi, ko ta fari bai yi ba. Wanda ya yi biyun kuma yakan yi shiru yana kurɓar shayinsa, don tun da ya yi su masu jita-jita sun ba shi shekara biyu ya rayu, kuma akwai masu ƙirga mishi watanni. An ce ƙarfe na mannewa a wurin allurar. Yaran unguwa sun gwada da cokali, da tsohon kwabo, da makullin babur. A cikin zufar Sakkwato kuwa ba abin da ba ya mannewa a jikin mutum na ɗan lokaci, don haka gardamar ba ta mutu ba.

Hujjarmu ta farko rana ce. Tun 2020 muka yanke hukunci cewa ƙwayar da aka haifa a ƙasar sanyi ba za ta iya da zafin Afrilu a garin nan ba, inda ma'auni ke haura 40 kamar wasa. Hujja ta biyu, ciwon manya ne, na masu hawa jirgi. Da aka yi ta jin mace-macen dattawa a Kano cikin Afrilun 2020 mun yi tsit na ɗan lokaci, aka riƙa ambaton Amanawa, inda ake killace masu cutar a Sakkwato a lokacin, da ƙaramar murya. Daga baya muka saki jiki. Da nau'in Omicron ya ɓulla a ƙarshen Nuwamban 2021, ya zo daidai da hunturu. Gari ya ɗauki tari, sahun Asuba ba ka jin komai sai atishawa da gyaran murya, kowa na fama da masassara da ciwon gaɓɓai. Mun sha citta da kanumfari da lemun tsami, mun sayi na maleriya a kemis, mun ce hazo ne. Mai yiwuwa hazon ne. Gwaji dai ba mu yi ba, don mu a wurinmu zuwa gwaji neman magana ne.

Duk da haka ba na yarda a ce mana jahilai, don zarginmu yana da tushe. Allurar ƙarin da aka fi kawowa ta Pfizer ce, kuma wannan suna ba baƙo ba ne a Arewa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya shafi yara 200. Goma sha ɗaya sun rasu, wasu sun nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar ba maganin ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Dattijon da bai san ranar haihuwarsa ba ya san wannan labari. Daga nan aka samu iskar da ta hura ƙin allurar shan inna a 2003. Sai kuma ga shi kwana goma sha biyu da fara allurar ƙari, gwamnati ta tara allurar AstraZeneca sama da miliyan ɗaya da wa'adinta ya ƙare, ta sa katafila ta murƙushe a juji a Abuja, a gaban kyamara. Ƙasashe masu kuɗi ne suka aiko ta saura makonni ta lalace. Majalisa ta rabu biyu: masu cewa kun gani, saura suke ba mu, da masu cewa ai da mugunta ake nufi da ba a zubar ba, da an ɗirka mana ita a hakan. Ni ina tare da na biyun, amma na farkon ma ba ƙarya suka yi ba.

Akwai kuma tambayar da ba wanda ya amsa mana ita da kyau: me ya sa wannan kyauta ce har a biyo ka gida, amma matarka na naƙuda sai ka sayi safar hannu da auduga? Duk ma'aikacin lafiyar da ya yi yawon unguwanni ya sha wannan tambaya, kuma ba laifinsa ba ne.

Abin dariya shi ne, maimaita rigakafi ba sabon abu ba ne gare mu. Alhajin nan da ke tambayar ƙarshenta, 'ya'yansa sun sha ɗigon shan inna har ba ya iya ƙirga sau nawa, an shafa musu tawada a ɗan yatsa, an rubuta alli a ƙofar gidansa. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da hakimai da masu unguwanni sun yi shekaru suna bin wannan aiki, har a watan Agustan 2020 aka tabbatar Najeriya da Afirka sun rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ba da ɗigo ɗaya aka kai nan ba. A 2017 kuma da sanƙarau ya ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kabi, ba wanda ya ce mai gida ya fita. Mu muka riƙa neman allura, muna faɗa a layi. Cutar da muke ganin tana sandarar da wuyan yaro ba ma yi mata gardama. Korona ce ta zo da kayan mura, muka raina ta.

Muna da wani tsohon malamin asibiti a majalisa, ya yi ritaya amma har yau shi ake kai wa takardar magani ya karanta. Ba ya son hayaniya. Ranar da aka matsa mishi sai ya nuna katangar ƙasa da muke jingine da ita.

"Baba, wanga gini bara anka yi mai yaɓe ko?"

"Bara na."

"To bana in damina ta matso ba ka sake wani?"

Ya ce haka garkuwar jiki take. Allura biyun farko suna koya wa jiki gane ƙwayar, amma ƙarfin na raguwa bayan wasu watanni, ita kuma ƙwayar ta sauya kama, har Omicron ya iya zamewa ya kama wanda ya yi biyu. Ta ukun tana tada garkuwar. Bai ce ba za ka yi mura ba in ka yi ta. Ya ce abin da take tsarewa shi ne kwanciya a Asibitin Koyarwa na Ɗanfodiyo da robar iska a hanci, kuma waɗanda suka fi bukatarta tsofaffi ne da masu ciwon suga da hawan jini da masu asma. Hannu zai yi tsami, wani zai yi zazzaɓi kwana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Wani ya ce ya ji allurar sai cikin sanyin da ya fi ƙanƙara, mu kuwa ruwan sanyi ma sai an yi sa'ar wuta. Malam ya ce a babban ma'aji ne ake daskarar da ita, in an fito da ita tana iya yin kusan wata a firij na asibiti, kuma da yawansu da hasken rana suke aiki. Aka ce Allah ya ƙara sani, Malam. Ba wanda ya tafi.

Gwamnatin tarayya ta gwada nata ƙarfin, ta ce daga 1 ga Disamban 2021 ma'aikacinta ba ya shiga ofis sai da kati ko takardar gwaji. Wannan ya taɓa masu albashi. Ɗan kabu-kabu da mai albasa a kasuwa ba abin da ya sha musu kai. Shugaba Buhari ya naɗe hannun riga a talabijin tun Maris na 2021, muka ce wa ya san abin da ke cikin sirinjin.

Makka ce ta yi mana magani.

Shekara biyu, 2020 da 2021, ba alhajin da ya tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar na Uku zuwa aikin Hajji, don Saudiyya ta taƙaita shi ga mazauna ƙasarta. Kuɗin maniyyata na ajiye, tsofaffi na ƙirga shekaru. Daga 1 ga Fabrairun 2022 Saudiyya ta ce duk wanda ya wuce wata takwas da yin ta biyu, ba a lissafa shi cikin masu rigakafi a manhajar Tawakkalna sai ya yi ta ƙari. Masu Umra suka fara motsi. Sai cikin azumin 2022 aka sanar cewa mutum miliyan ɗaya za su yi Hajjin shekarar, Najeriya ta samu kujeru 43,008, da sharaɗin cikakken rigakafi, da gwaji kafin tashi, da kuma shekarun da ba su kai 65 ba. Ba wanda ya tsaya tantance ko biyu ta isa. Kowa ya ce gara a yi ukun, kada a je Jidda a ji wani zance.

Nan take fatawar majalisa ta juya. Shekara biyun da aka ɗiba wa mutane aka mance da ita, maganar ta koma ko allura na karya azumi. Aka ce Babban Muftin Saudiyya tun 2021 ya ce ba ta karyawa, don ba ci ba ce ba sha ba. Masu tsantseni suka ce su dai sai bayan Sallah. Alhaji mai yadi kuwa sai ga lissafi ya kama shi: wanda bai fara ba, ina zai kai ta uku kafin jirgi? Ya riƙa bin Malam da tambaya a asirce, wace ce mai sau ɗaya, ina ake samunta, ƙarfe nawa suke buɗewa.

Kuma ba ma yinta a unguwarmu. Mutumin Kanwuri sai ya tafi Arkilla, na Arkilla ya gangara Gidan Igwai, kowa na gudun idon sani, su haɗu a hanya su gaisa, kowa ya ce gaisuwar mara lafiya zai je. A sahun Magariba ake kama mutum. Ka matsa kafaɗa ka ji ya ce wash.

"Alhaji, lafiya?"

"Kwanciya niy yi bisa hannun."

"Hannun hagu ko? Allah shi sawwaƙe. Bana kwanciyag ga ta yi yawa cikin masu niyya."

Katin kuwa, wanda da ake jefawa cikin aljihun babur, yanzu an kai shi an lulluɓe da roba an haɗa da fasfo. Wasu sun nemi gajeriyar hanya, a ba su kati ban da allura, kuma hukuma ta sha yin gargaɗi kan katin bogi. Wannan ni ban ga wayo a cikinsa ba. Ka biya kuɗi ka sayi ƙarya, ga ta gaske kyauta, sannan ka ɗauki ƙaryar ka nufi Ɗakin Allah da ita, ka shiga cunkoson mutum miliyan da huhunka a buɗe.

Cikin gida lissafin daban ne, kuma mu maza ba mu cika saninsa ba. Mata sun saba da kati: na awo, na rigakafin jarirai, ga allurar sandarewa da ake maimaita musu lokacin goyon ciki. Ba yawan allurar ke damunsu ba, maganar haihuwa ce. In aka ce wance ta yi biyu kuma ga ta da ciki wata bakwai, wannan ya fi duk sanarwar rediyo ƙarfi a gidan biki. Saura izini. Nan ma suna da hanyarsu: an kai yaro rigakafi, an tarar ana yi, an ce kowa sai ya yi. Mai gida ya yi faɗa na minti biyu da hannunsa na hagu da ba ya ɗaguwa.

Wanda wannan tsari ya bari a baya shi ne ainihin wanda aka yi allurar dominsa. Sharaɗin shekara 65 ya cire tsofaffi daga Hajjin 2022, sai ya cire musu dalilin neman kati. Majiya ƙarfi masu kujera suka cika layi, Baba mai suga da hawan jini yana kan tabarma, Inna mai tarin da ba ya jin magani tana ɗaka, ba wanda ya ce a ɗauke su a kai. Masu yawo da akwati ma mu muke tare su a zaure mu ce ba kowa.

Babban ɗan wani dattijo a layinmu ya yi ta fama da mahaifinsa tun kafin azumi. Ya kawo maganar Omicron, tsoho ya ce ajali ɗaya ne. Ya kawo Malam, tsoho ya ce yaro ne, a gabansa aka haife shi. Malam kuwa ya ba sittin baya. Wata rana bayan Sallah, tsohon da kansa ya kira ɗan.

"Kai, in sun ɗage shekarun nan baɗi, wanga kati shina aiki?"

"Shina yi, Baba," in ji ɗan, alhali ba Sarkin Makka ne ya gaya mishi ba.

"To tada babur. Amma ba asibitin unguwag ga ba."